Rantsuwar Kawu Idi da Ɗan Injin Waldarsa

Ku da kuka yi zama da Kawu Idi a Tawa kun san ba ya wuce ƙarfe bai ƙwanƙwasa shi ba. Akwai wani zoben azurfa mai kauri a yatsansa na tsakiya, da shi yake aikin. Ƙofar masallaci ce, ko tanon ruwa, wato duro, ko motar baƙon da ya zo gaisuwa, sai ya buga sau biyu, ya karkata kai ya saurara kamar likita a kan ƙirjin majinyaci, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin kuwa ɗaya ne kullum: "Shina da sauran aiki." Na fi shekara talatin ina jin wannan magana. Bayan ɗakinsa akwai tarin tsofaffin kwanoni, da ƙafafun gado, da sitiyarin wata mota da ba wanda ya san inda sauranta yake, kowanne yana jiran ranar aikinsa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. A shekarun da nake ba da labari ina da iyalina, kuma sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa da ajami zuwa ga 'yan'uwansu da ke ci-rani. Kawu yana da suna biyu da yake kirana da su. In aike ne ko faɗa, ni ne Sani. In kuwa yana neman a sassauta masa wani hukunci na addini, sai in zama Malam. Tun daga ƙofar gida, da na ji sunan da ya kira, na san abin da ke tafe da shi.

Babban abokinsa a duniya shi ne Ango maƙeri. Rana ɗaya aka yi musu kaciya. Ango ya gaji ƙira, daga baya ya tafi Maraɗi ya koyo walda, ya dawo ya kafa rumfa kusa da babbar kasuwa, da wani ƙaton inji da in ya tashi sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Kullum bayan la'asar Kawu yana can. Ba ya zuwa hannu wofi, sai da wani ɗan ƙarfe da za a duba, don kada a ce zaman banza ya kai shi. Ango ya liƙe abin cikin minti biyu, sannan su zauna su sha shayi suna zagin juna har a kira magariba.

Abin da ya raba su kujera ce. Kawu ya yi shekaru yana falanto, wato masinja, a wani ofishin gwamnati. Da ya bar aiki aka bar masa kujerar ƙarfen da yake zama a kanta a bakin ƙofa. Zamanin ne da albashi ke yin watanni bai zo ba, balle kuɗin tsofaffin ma'aikata, saboda haka kujerar ce kaɗai abin da ya ga gwamnati ta ba shi a hannu. Duk lokacin da ta karye, rumfar Ango. Wata rana, ba da daɗewa da karya darajar kuɗinmu na sefa ba, kowa ransa a ɓace da tsadar kaya, Kawu ya sake kai ta. Ina wurin, na zo karɓar saƙo.

Ango ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Idi, wagga kujera ta mutu."

Kawu ya buga ta da zobe. "Tana da sauran aiki."

"Sau goma sha ɗaya ina liƙe ta. Babu sauran ƙarhen gwamnati cikinta, dut waldata ce. In don tunawa da uban gidanka kake riƙonta, to ni ne uban gidan."

Masu shan shayi suka yi dariya. Dariyar ce ta yi ɓarna, ba maganar ba. Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, ba ni sake kawo ma ƙarhe, ko allura ce."

"Allura kam kai ma tela," in ji Ango, "ba aikina ba ce."

Kawu ya ɗora kujerarsa a ka, ya ratsa kasuwa da ita.

Da na bi shi gida na gaya masa abin da littafi ya ce. Rantsuwa irin wannan ba ta da wuyar warwarewa: mutum ya karya ta, ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da gida.

"Goma, Sani? Cikin wagga shekara? Kuma in koma gaban maƙeri da kujera a kai, shi ce ai ya hwaɗi?"

Sauran masu walda na gari ba su da amfani gare shi, don ya ce duk Ango ne ya koya musu, kai musu kamar kai masa ne. Zuwa rumfar ba ƙarfe kuwa bai taɓa yi ba, bai kuma san yadda ake yi ba. Haka zaman shekara arba'in ya tsaya cak. Bayan la'asar sai ka gan shi a ƙofar gida, bisa tabarma, kujera mai ƙafa uku jingine da bango kusa da shi.

Ranar wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ya gamu da wani mutumin Takanamat da ya dawo daga Libiya yana sayar da kayan da ya zo da su. Cikin kayan akwai wani jan akwati, bai fi girman tukunyar miya ba. Mutumin ya ce injin walda ne na gida. Ba ya aiki da sanduna irin na Ango. Waya ce a naɗe cikinsa kamar zaren masaƙa, maganin walda yana cikin wayar, ba a bukatar tulun iska, ba a bukatar komai sai kuran, wato wutar lantarki. Ka danna, waya ta fito, ƙarfe ya kama. Kawu ya buga akwatin sau biyu ya saurara. Kafin azahar ya ba da rediyonsa da ragon da ke ɗaure a gida, ya rungumo inji.

Matarsa Inna Hajo ta tsaya tana duban turken da babu komai.

"Maigida, ragon layya kab ba da?"

"Layya da saura wata huɗu."

"Rediyo hwa? Da mi za ka ji labarin ƙasa?"

"Tun sahe jam'iyyu ke magana cikinta, wagga ta gama wagga ta ɗauka. Kin ji wadda tac ce za ta liƙe min kujera?"

Akwai takardar bayani cikin kwalin. Ba Faransanci ba ce, ba Larabci ba. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, maƙwabcinmu, ya duba ya ce yana zaton Italiyanci ne, kuma iyakar taimakonsa ke nan. Injin yana da maɓalli ɗaya mai gefe biyu. Kawu ya sa na samo fenti na rubuta masa da ajami, a gefe ɗaya "kaɗan", a ɗayan "da yawa". Wannan shi ne dukan karatun walda da ya yi.

Washegari da hantsi aka kwantar da kujera a tsakar gida. Ya ce bismillah, ya danna. Wani haske ya tashi, tartsatsi ya watsu, kaji suka bar gidan, sai kuma shiru. Gida huɗu ne ke jan kuran daga kwantar guda, wato mita ɗaya, a layinmu, kuma duka huɗun sun mutu. Tela ya leƙo ta katanga da rigar wani a hannu, mai sayar da ƙanƙara ta aiko a tambaya ko lafiya. Bayan kwana uku ana ɗauke wuta ana maidowa, aka yi sulhu: Kawu zai yi waldarsa lokacin da tela ya tafi cin abincin rana, mai ƙanƙara kuma ta zare firjinta na ɗan lokacin.

Saura idanu. Mai injin bai haɗa masa da baƙin gilashi ba, Kawu kuma ya ce ba ya sayen abin da zai iya yi da kansa. Ya fasa gilashin tsohuwar fitila, ya turara shi da hayaƙi, ya riƙa leƙe ta ciki. Da safe ya tashi idanu jawur, hawaye na zuba, ya ce kamar an zuba masa rairayi. Kwana biyu ni ke riƙe da hannunsa zuwa masallaci. Duk wanda ya tambaya sai ya ce afolo ce ke yawo a gari. Ba wanda ya kamu da afolon nan a unguwa sai shi.

Rana ta uku wani mai amalanke ya miƙo wani abu naɗe a takardar siminti, ya ce daga kasuwa aka ba shi, bai faɗi wanda ya ba shi ba. Baƙin gilashin walda ne, na gaske, gefensa ɗaya a ɗan ɓantare. Duk mun san rumfar da ya fito. Kawu ya juya shi a hannu ya daɗe.

"Malam."

"Na'am, Kawu."

"Rantsuwata ta hana in amshi gilashi?"

"Gilashi ba ƙarfe ba ne. Kuma cewa ka yi ba ka kaiwa, ba ka ce ba ka amsa ba."

"Allah shi yi ma albarka. Lalle ka yi karatu."

Kada in zalunci injin nan, don zan tsaya gaban Allah a kan abin da na rubuta. Kujera dai ta liƙu. Waldar ba ta da kyaun gani, ƙulli-ƙulli ce kamar kashin awaki, sai an bi ta da guduma an kakkaɓe ɓawon da ke kanta, amma ta riƙe. Kawu ya fito da kujerar ƙofar gida ya zauna ta fuskar da masu dawowa daga kasuwa za su gan shi su kai labari. Daga nan ya gyara furno, wato murhun gawayi, da ƙafar gado, da sakatar ƙofa, da ƙarfen da ake rataya guga. Duk abin da kaurinsa yake tsaka-tsaki, kuma ba wani nauyi mai yawa zai ɗauka ba, injin yana yinsa daidai gwargwado. Matan unguwa suka fara aiko da furnonsu. Ba ya karɓar ko dala, ladansa kawai a tsaya a ji bayanin yadda aka yi.

Abu marar kauri kuwa cinye shi yake yi. Inna Hajo ta ba shi bokitinta mai huda ɗaya. Ya sa a "kaɗan", ya taɓa, huda ta zama biyu. Ya bi ta biyun, ta uku ta buɗe. Da tela ya dawo daga cin abinci ana iya ganin rana ta wuri bakwai.

"Na ba ka bokiti, ka maido min rariya," in ji ta.

Ya buga shi da zobe. "Shina da sauran aiki."

"I, shina da shi. Tatar gasara."

Kuma da shi ta riƙa tatar gasara har shekaru, tana gaya wa duk baƙuwar da ta zo wanda ya ƙera mata.

Mai kauri ne ya fi ba da wahala, don shi ba ya nuna aibinsa nan take. Kawu yana da gona a Kalfu. Da kaka ta yi, ƙarfen amalankensa, wanda ke ɗaure a jikin jaki, ya tsage. Ya sa a "da yawa", ya zuba masa waya har wurin ya yi tudu, ya shafa fenti. A ido, ba ka ganin aibi. Shi da jakin suka tafi lafiya ba kaya. A dawowa, amalanke cike da dammunan hatsi, suna gangarowa wani wuri mai duwatsu, ƙarfen ya rabu daidai inda aka liƙe. Jaki ya ji nauyi ya ragu, bai waiwaya ba. Shi ya fara isowa gida da rabin ƙarfe yana ja, Kawu ya iso bayan la'asar a motar kasuwa, hatsi kuma sai da aka yi masa kwana biyu ana kwasowa.

Na duba wurin karayar. Waldar ta ɓamɓare kamar ɓawon ƙurji, ƙarfen da ke ƙarƙashi ko narkewa bai yi ba. Da safe sai ga shi a zaurena.

"Malam, in kai kak kai mishi ƙarhen, ba ni ba?"

"Da ka rantse, me ka nufa, Kawu? Hannunka ko kayanka?"

Ya amsa cewa kayansa ya nufa. Mutum ne mai taurin kai, amma ba ya ƙarya.

"To, in na aje ƙarhen bakin hanya, shi kuma ya zo wucewa ya gani, ya ɗauka don kanshi?"

"Kawu, wa kake so ka yi wa dabarar?"

Ya ce a'uzu billahi, ya tashi. Ya samo itacen aduwa ya ɗaure ƙarfen da igiya, aka ci gaba da aiki da amalanken a haka, tana tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu.

Sai kuma waya ta ƙare. Nan muka gane abin da mutumin Takanamat bai faɗa ba: babu irinta a Tawa. Aka duba Ƙonni, babu. Kawu ya ba wani direba mai zuwa Kano guntunta don ya nuna. Bayan wata guda ya kawo wata waya mai kama da ita, amma babu magani a ciki, ba ta yin komai sai tartsatsi. Sai a tafiya ta uku aka samo ta gaske, naɗi ɗaya tak. Duk tsawon wannan lokaci jan akwatin yana zaune a ɗaki an rufe shi da zane, furnon matan unguwa kuma suka koma rumfar Ango a ɓoye. Shekara biyu ke nan su biyun ba su zauna wuri ɗaya ba. In sun gamu a jana'iza ko ɗaurin aure sukan gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, irin wadda ake yi wa baƙo. Wanda ya san su ya san wannan ta fi zagi zafi.

Makarar masallacin unguwarmu ta ƙarfe ce, mai hannu huɗu. Wata rana muna ɗauke da wani dattijo zuwa maƙabarta, hannu ɗaya na gaba ya tsage, sai da mutane suka tallabe ta ƙasa har aka isa. Da aka dawo Liman ya ce a kai ta wurin Ango tun yau, don akwai wata tsohuwa a unguwa da jikinta ya yi nauyi, kowa ya sani. Kawu ya ce unguwar da ke da injinta ba ta kai makararta kasuwa. Ba wanda ya so gardama da shi a ƙofar masallaci. Washegari, da tela ya tafi cin abinci, ya buɗe sabuwar wayarsa da yake ta tattali, ya zuba kusan rabinta a kan hannun makara. Ya kakkaɓe, ya shafa koren fenti. Bayan azahar aka maido ta harabar masallaci, Liman ya duba ya sa albarka.

Ni kuwa jakin Kalfu nake tunawa. Na ce, "Kawu, a gwada ta da nauyi tukuna. A kawo buhun hatsi biyu."

"Hatsi abin wasa ne, Sani?"

Ya cire hularsa ya miƙa mini, ya tuɓe takalmi, ya hau makara ya miƙe, ya haɗa ƙafafu.

Liman ya ce, "Idi, wanga ba shi da kyau. Sauko."

"Liman, ko yau ko gobe hawa za ni yi. Gara in ji yadda take tun ina iya ƙorahi. Ku ɗauka."

Mu huɗu muka ɗauka, ni ke riƙe da koren hannun. Muka yi taku kamar goma cikin harabar. Daga sama Kawu yana cewa mu daina rangaji, ba amarya muka ɗauko ba. Sai na ji wani ɗan ƙas a tafin hannuna, na ga ina tafe da guntun ƙarfe ni kaɗai. Makara ta karkace, Kawu ya zamo ya sauka a kan rairayi da kafaɗa.

Wasu suka juya baya don kada ya ga haƙoransu. Shi bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya zauna inda ya faɗi, ya karɓi guntun daga hannuna, ya buga shi da zobe sau biyu, ya saurara. Muka jira maganar da muka saba. Ba ta zo ba. Ranar ce kaɗai na ga ya buga ƙarfe bai ce komai ba.

Can ya ce, a hankali, "Ni na hwaɗi, na tashi, na kakkaɓe riga. Wadda za a ɗauko gobe ba ta da wannan." Ya sa hularsa. "Sani, kama gaba."

Muka ɗaure guntun a jikinta, muka ɗauki makara mu biyu, da tsohuwar tabarmar da ke kanta, muka nufi kasuwa. Ba mu yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mutane ba. Duk inda muka bi sai a miƙe tsaye, masu awo su ajiye tiya, ana salati ana tambayar wa ya rasu. Wasu ma suka biyo bayanmu don neman lada. Da muka shawo kwanar rumfar, Ango yana tsugune a kan wata ƙofa. Ya ɗaga gilashinsa ya gan ni a gaba da makara, bai ga na baya ba. Na ga abin waldar ya faɗi daga hannunsa.

"Sani," ya ce, "ba dai Idi ba?"

Daga baya Kawu ya amsa, "Ina nan, maƙeri. Ba ka samu yadda kake so ba."

Ango ya daɗe yana goge fuska da hannun riga, ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa. Sannan ya taso ya karɓi guntun ya duba.

"Wa ya yi wanga aiki? Kaza ce tab bi ta nan?"

"Na kawo ma ƙarhe. Ka yi aikinka, ka bar surutu."

"A'a, sai na hwaɗi. Shekara biyu nike aje da ita." Ya kankare waldar da ƙusa ya nuna masa. "Ka gani? Wutar injinka ba ta shiga cikin ƙarhe mai kauri, bisa take zama awa kitse kan miya. Ba mugun inji ba ne. Na ga hurnon da kal liƙe, sun kama. Yi kujerarka, yi sakatarka. Amma abin da za shi ɗauki mutum ko kaya, kawo nan, ko ka kai ma wani in ni ba ka so."

Ya tada babban injinsa, ya fere bakin ƙarfen, ya bi shi da walda sumul kamar ɗinkin hula, ya juya ya bi ta ƙasa. Da ya gama ya sa mutum shida suka hau makarar suka zauna, aka ɗaga, ko motsi. Wani ƙullin waldar Kawu ya rage a gefe. Na ce a goge shi. Ango ya ce a'a, a bar shi nan, 'yan baya su ga bambanci. Kawu kuwa a lokacin an riga an miƙa masa kofin shayi, yana kuma gaya wa mai dafawa cewa sukari ya yi kaɗan.

A hanyar dawowa, makara a kafaɗunmu, na ji murya daga baya.

"Malam."

"Na'am."

"Na ji an ce azumi ukku ma shina isa."

"Wannan na wanda ba shi da hali ne. Kai kana da rumbu a Kalfu."

Muka yi taku kaɗan.

"Ɗaga da kyau, Sani, kana ja min kahwaɗa."

Ranar Juma'a Inna Hajo ta yi tuwon hatsi da miyar kuka, har da nama, aka tara miskinai goma a zaure. Kawu da kansa yake zuba musu ruwa. Ana cikin ci sai ga Ango, ba wanda ya kira shi, ya wanke hannu ya zauna a ƙarshen layi.

"Kai kuma hwa?"

"Miskini ne ni. Shekara biyu babban mai kawo min aiki ya gudu."

Kawu ya juyo gare ni da sauri. "Malam, shina shiga lissahi? In shina shiga a sallami mutum guda."

"Ba ya shiga, Kawu."

"To, banza kake ci ke nan," ya ce wa Ango, ya tura masa ƙashin da ya fi nama.

Tsohuwar nan ta rasu bayan kwana tara, aka kai ta lafiya. Injin kuwa bai bar aiki ba. Kawu ya ci gaba da liƙe furno da ƙafafun kujeru in akwai waya, in babu ya rufe shi da zane. Bayan la'asar yana rumfar Ango da ɗan ƙarfe a hannu, wani lokaci ma ƙarfen lafiyarsa lau. Yanzu da irin waɗannan injuna suka yawaita a kasuwa, masu dawowa daga tafiya sukan tambaye ni ko su saya. Ni ba mai walda ba ne, abin da na gani kawai nake faɗi. In kana da ƙananan gyare-gyare, da kuran da zai ɗauka, da inda za ka samu waya, da gilashi na gaske, zai yi maka amfani. Ba zai hana ka bukatar maƙeri ba.

Kawu ya rasu shekara uku bayan wannan, da damina, bayan ɗan gajeren ciwo. Da aka fito da shi na kama hannun makarar na gaba, wanda koren fentinsa ya riga ya koɗe. A ƙarƙashin tafina ina jin walda biyu, mai sumul da mai ƙulli, har muka isa. Ango ya tsufa sosai a lokacin, amma ya ƙi a karɓe shi daga ɗaya hannun. Da aka gama rufewa mutane suka fara watsewa, na gan shi tsaye kusa da makarar da aka jingine da itace. Ya dunƙule hannu ya buga ta sau biyu, ya karkata kai ya saurara.

"Tana da sauran aiki," ya ce, ba da kowa yake ba.

Ya Allah, bawanka Idi ya karya rantsuwarsa don kada wani mamaci ya faɗi a hanya, ya kuma biya abin da Ka ɗora masa. Ka gafarta masa taurin kansa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da abokinsa a inda babu abin da ke karyewa. Mu da muka rage, Ka sa a kai mu lafiya. Amin.